Turaku a gonar Baffa

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da wani abokina, saboda wayar da baffana ya yi mini: wai an kafa masa turaku a gona, in zo in karanta masa takarda. Kuɗin mota ya kusa ninka na bara, direba kuma ko a jikinsa, ya ce mu je mu tambayi gidan mai. Daga Rimin Gado hanya ta yi kore shar, dawa da gero hagu da dama. A mararrabar Kabo muka karya da ƙosai da kunun tsamiya. Abokina ya ci na mutum uku, yana ta cewa shi fa ba yunwa yake ji ba.

Da hantsi muka isa ƙauyen, can bayan Gwarzo. Bayan doguwar gaisuwa Baffa ya kai mu gonar. Ga turaku masu jan fenti sun ratsa tsakiyar masara, wadda saura sati uku a karye ta. Takardar ta ce tashar mota za a yi, a share wurin cikin kwana goma. Sa hannun wani "mai ba da shawara na musamman" ne. Na tambaya wa yake ba shawarar, mutum huɗu suka ba ni amsa huɗu. Amma ƙauyen duk sun sallama, domin takardar na da hatimi, kuma a nan ba a jayayya da hatimi. Har zakara aka kai wa mutumin na ban-gajiya!

Abin ya ɗaure mini kai, sai muka nemi wata malamar sakandare, 'yar kudancin Kaduna, da ta daɗe tana koyarwa a Gwarzo. Ta ɗauko tsohon kundin tsarin mulkinta, ta ce, "Malam, a iya sanina doka ta yarda a naɗa mai ba da shawara. Amma shawara aka ce, ba umarni ba." Abokina ya ce ai majalisar ƙaramar hukuma jan ƙafa gare ta, irin waɗannan naɗaɗɗun ne ke sa aiki ya motsa. Suka yi ta kai-komo har azahar, ni dai ina saurare ina ɓare dafaffiyar gyaɗa.

Daga nan muka koma ƙauyen, muka leƙa wurin kansilan mazaɓarsu. Wallahi a bakinmu ya fara jin zancen tashar. Ya ce zai bincika, amma muryarsa ba ta ba ni ƙwarin gwiwa ba. Na tausaya masa, na fi tausaya wa Baffa.

Mun shigo Kano bayan magariba, jiki duk a mace. Da can na ɗauka wannan muhawara ta lauyoyi ce a rediyo, ashe abincin shekarar wani ke rataye a kanta. Har yanzu ban sami amsar abin da Baffa ya tambaye ni ba, yana riƙe da hannuna a bakin mota: "Ɗana, kansila in ya cuce ni, ranar zaɓe zan hana shi ƙuri'ata. Shi wannan mai ba da shawarar fa, a wane akwati zan hana shi?"