Malam Lawali, Hedimastan da Ya Kira Gayya Cikin Aji

Kafin makiyaya su kora shanu, Malam Lawali ya riga ya jingine babur ɗinsa a gindin dogon yaron firamaren ƙauyenmu, can gefen Dalijan. Ba ofis yake fara shiga ba. Aji-aji yake bi yana duban fuskokin malamansa, ya ga wanda bai karya ba da wanda ya tashi da ciwon kai. Haka ya yi shekaru yana hedimasta, ga shi watan nan zai ajiye aiki, ko sannu ba mu taɓa haɗuwa mun ce masa ba.

Malamai uku ke riƙe da aji shida. A kan haka iyaye suka ɗora musu darasin yamma, suka ƙara da na Asabar, wai don kada yara su faɗi jarrabawar shiga sakandare. Wadda kayan suka fi dannewa ita ce Malama Sumayya, mai aji biyar da shida a ɗaki guda. Ta rame, muryarta ta dishe, rannan tana rubutu a allo ta yanke jiki ta faɗi. Likita a Gwandu ya ce jininta ya hau, ko ta sassauta ko ta bar koyarwa. Ita kaɗai ce malama mace a garin, don ita ake barin 'yan mata su kai aji shida.

Nan take Malam Lawali ya soke darasin yamma da na Asabar. Aka yi masa ca. Bawa, shugaban ƙungiyar iyaye, ya same shi har ofis.

"Malam, mi ka gajiyad da mai aikin inuwa? Mu da ka yini cikin rana muna noma ba mu hwaɗi ba."

Malam Lawali bai yi masa musu ba. Sai kawai ya raba goron gayya, mutanenmu kuwa ba a kiran gayya su noƙe. Litinin da safe magidanta suka hallara da hauyoyi a kafaɗa, suna zaton gonarsa ta bakin fadama za a nufa. Ya ce su jingine hauyoyin, ya raka kowa ƙofar aji.

"Ga gonar nan. Ba ni son ku koya musu komi. Ku dai riƙa mini su, su natsu har azahar."

Ɗakin Sumayya aka ba Bawa. Waɗanda suka leƙa sun ce kafin hantsi ya yi tsawa har murya ta gudu. Yana raba faɗa a gaba, na baya suna fita ta taga, ga wata yarinya tana rawar sanyi ba mai kai ta gida. Ya fito hula a hannu ya zube a baranda. Da aka kawo furar gayya, ya dubi Malam ya ce:

"Wanga ɗaki, ita ɗai ka riƙonai? Kullum?"

"Kullum," in ji Malam. "Kuma kunka ce ta komo da marece."

Ban taɓa ganin gayyar da aka watse ba barkwanci ba sai wannan. Kowa ya ɗauki hauyarsa kai a ƙasa. Amma babbar kunyar tana gaba: tun kafin gayyar an riga an kai ƙarar Malam Lawali sama, wurin hukumar ilimi, cewa yana ɗaure wa ragwanci gindi, ƙarin girmansa ya tsaya, kuma ba wanda ya taka ya je ya warware maganar. Duk garin mun san gaskiya, muka yi gum. Ina rubuta wannan ne ina jin nauyin haɗa ido da shi.

Malam Lawali, garkuwar malamai, kai ne ka ce ya isa a lokacin da kowa ke cewa a ƙara. Kai ne ka yarda a taka ka don kada a binne malama da alli a hannu. Mun gode, Allah ya saka maka da abin da muka kasa.

Hedimastoci, ku koyi cewa a'a irin tasa. Iyaye kuma, duk wanda bakinsa ya yi ƙaiƙayin cewa a ƙara darasi, ya fara riƙe aji na safiya guda tukuna.

Malama Sumayya tana nan a ajinta, da azahar ta tashi ta tafi gida da ƙafarta. Shi kuwa zai tafi a matakin da ƙararmu ta tsayar da shi. Malam, ka yafe mana.