Baffa Ɗanlami da Garin da Ruwa Ya Ci

Ku da kuka san Baffa Ɗanlami, wan mahaifina, kun san ba a gama gaisawa da shi sai ya ɗaga waya. "Tsaya nan in ɗauke ka, in gyara ka!" Ko kana so, ko ba ka so. Tun ranar da aka nuna masa manhajar gyaran hoto ta kyauta, tsohon masuncin nan ya rataye komarsa. Burinsa ɗaya ne, ya haɗa hoton tsohon garinmu da ruwan Tiga ya cinye, don babu wanda ya ɗauke shi kafin a tashi mutane.

Amma fa kafin ya ƙware, mun ga abin mamaki! Ya kama wata 'yar karfasa ba ta kai tafin hannu ba, ya ja hotonta da yatsu har ta fi shi tsawo, ya kai majalisa. Amininsa Malam Iro ya ƙura ido.

"Ɗanlami, da me ka kamo wannan?"

"Da ƙugiya mana."

"Na ga alama. Ƙugiyar ma ta kai garma."

Baffa ko a jikinsa. Ya ce, "To, babban kifi da allura ake kama shi?"

Kowane hotonsa kuma da tambarin manhajar a gefe. Na ce, "Baffa, ɗan abu kaɗan za ka biya a cire."

"In biya? Mutum ya ba ka abu kyauta, ka goge sunansa? Butulci ke nan!"

Da suka ɓata da Malam Iro a wani ɗaurin aure a Dangora, sai ya goge shi daga hoton taron. Kai da gangar jiki duk sun tafi, sai hannu kawai a kafaɗar Baffa. Na ce, "Wannan hannun fa?"

"Na Iro ne. Da bakinsa nake faɗa, hannunsa bai yi mini komai ba."

Aikin garin kuwa bai taɓa sakinsa ba. Kuka ya ɗauko ta a Dangora, rijiya a Doguwa, zaure a Kiru, yana liƙa su ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ya nuna wa tsofaffi, sai gardama ta kaure kamar gobe za su koma.

"Rijiyar ba nan take ba!" in ji wata tsohuwa. "Bayan masallaci take!"

Baffa ya ja ta da yatsa. Malam Iro, da ya zo don ya kushe, ya karɓi wayar ya duba. Can ya ce, "Ga ƙofarmu," ya sa bakin rawani ya share ido.

A cikin hoton, a ƙofar nasa gidan Baffa ya zaunar da marigayiya Gwaggo Asabe, matarsa, ya bar fili a gefenta. Na tambaye shi. Ya ce, "Wurina ne. In lokaci ya yi, kai za ka sa ni. Kuma kada ka kuskura ka biya!"

Da Baffa ya rasu, bayan sadakar bakwai na sa shi. Ban biya ba, Baffa, tambarin yana nan.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haɗa ka da Gwaggo a gidan da ba a tashin kowa. Amin.