Gwaggo Lantana da Kwamfutocin Likoro

Duk amaryar da aka kai ɗaki a unguwarmu a Likoro cikin shekara talatin ɗin nan, Gwaggo Lantana ce ta yi mata jere. Ko kwano shida kacal uwar amarya ta iya saya, Lantana za ta tsara su yadda dangin ango za su fito suna rantsuwa sun ƙirga sittin. Daga bakin ƙofa take karkata kai ta ce labulen can ya zarce da rabin yatsa, a auna kuwa a tarar haka ne. Dokarta ɗaya ce tal, abin da aka jera ba a taɓa shi. Akwai wata Murja da ta ɗauki kofi a kabad ta sha ruwa washegarin tarewarta. Yau ɗiyarta ta fari tana sakandare, amma har yanzu da hanci Lantana take amsa gaisuwarta. Mijin Lantana, Malam Mamuda manomin masara, ya taɓa gaya wa abokansa cewa tun aurensu a kwano ɗaya yake cin tuwo, arba'in suna kallonsa daga sama.

Ita ce kuma shugabar ƙungiyar matan unguwa. Ba zaɓenta aka yi ba, ta dai zauna a kujerar wata rana, aka rasa mai cewa ta tashi.

Abin da ya haɗa ta da kwamfuta haushi ne. Bara waccan aka ce sai an yi rajista ta intanet kafin a ba mata manoma taki. Sau uku tana hawa acaɓa zuwa wani shago a Kudan, ta yini a layi, mai shagon ya ce netwok ya ɗauke. A dawowa ta uku ta sauka tana faɗa tun daga bakin titi, wai in dai danna akwatin nan ne, ba ta ga abin da yatsun mai shago suka fi na matan Likoro ba. Ba a yi wata ba ta ji a rediyo cewa gwamnati tana ba ƙungiyoyi tallafin buɗe wurin koyon kwamfuta a ƙauyuka. Ta ture tiren waken da take tsincewa, ta nufi makarantar firamare, ta kamo Malama Serah, wata 'yar kudancin Kaduna da ke koyarwa a can, ta zaunar da ita ta cike fom. Daga nan ta addabi ofishin da ke Kudan da zirga-zirga, har mai gadi ya fara ajiye mata kujera yana share ta da hularsa.

Sai ga shi an amince. Kwamfuta goma, sola a kan rufi, intanet na shekara guda, aka kuma tura Serah Zariya ta ƙaro sani don ta koyar da mu. Mai unguwa ya ba da wani tsohon ɗakin ajiyar taki.

To nan fa hali ya motsa. Lantana ta sa aka yi fenti, ta jera kwamfutocin biyar dama biyar hagu, tazararsu ɗaya kamar an auna da zare. Kowace ta sami mayafin leshi mai baki, da furen roba a gefe. Aka shimfiɗa darduma, aka turara ɗaki, ta rufe da kwaɗo ta ƙulle makullin a haɓar zaninta. Ranar Juma'a da yamma ake buɗewa a zo kallo. Ka cire takalmi, ka sa hannu a baya, ka ce masha Allah, ka fita. Har daga ƙauyukan Makarfi an zo gani.

Karatu kuwa, guda ɗaya aka yarda Serah ta kunna, mu muna zaune a tabarma muna hange daga nesa kamar masu kallon majigi. Serah ta yi magana ta gaji. Lantana ta ce kayan gwamnati amana ne, ga hannun masu daddawa, ga na masu ƙuli-ƙuli, in an ɓata da wane ido za ta kalli hukuma.

Bayan wata huɗu jami'in da ke duba aikin ya zo, wani siriri mai tabarau, Malam Yahuza. Lantana ta ci kwalliya kamar uwar amarya. Ya shiga ya yaba ɗaki, ya ce ya zaga wurare da yawa bai ga mai tsabtar wannan ba. Lantana ta juyo ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya. Sai ya fara ɗage leshi yana kunnawa. Ashe kowace kwamfuta tana riƙe awannin da aka yi aiki da ita, ba ta ɓoye wa kowa. Tara daga ciki ko ledar da suka zo da ita ba a ɓare ba.

Ya cire tabarau ya ce, "Hajiya, ba a taɓa waɗannan ba ke nan?"

Ta ce, "Ko ƙuda bai sauka a kansu ba, Yallaɓai."

"To Hajiya, abin da zan rubuta ke nan, kuma ba yabo ba ne."

Ya bayyana mata a hankali cewa sharaɗin tallafin shi ne a yi aiki da kayan. Akwai garuruwan da suka nema ba su samu ba. Zai dawo nan da kwana talatin, in ya tarar da su haka, mota za ta kwashe su zuwa wata ƙungiya a Ikara, har da solar.

An ce ranar Lantana ba ta ci tuwo ba, abin da bai faru ba ko shekarar da ta yi taifot. Da hantsi aka gan ta tana ninke leshi ɗaya bayan ɗaya, ta ɓare ledoji da hannunta, ta kwance makulli ta miƙa wa Serah ba tare da ta kalle ta ba. Aka buɗe ƙofa, aka yi shela.

Ba wadda ta zo. Ga kaka ta kama, kowace mace tana fama da ɓarar masara, ga shi wata huɗu ana tsorata mu da kayan nan, har wasu sun ɗauka in ka danna ba daidai ba sunanka zai fito a Abuja. Kwana uku Serah tana zaune ita da kujeru.

Sai Lantana ta yafa gyale ta bi gida-gida. Biki bakwai aka sa bayan kaka a unguwar. Ta gaida kowace uwar amarya gaisuwa mai tsawo, ta tambayi gajiya da yara da amfanin gona, sannan ta ce duk wadda ba ta ga ƙafarta a ɗakin kwamfuta ba, ita da amaryar da ƙawayen amaryar, to ta nemi mai yi mata jere. Wata ta ce ai akwai mai yi a Kudan. Lantana ta ce haka ne, ita ce ta jera wa wance gado yana kallon ƙofa.

Washegari ɗaki ya cika har waje. Aka raba mu, wasu da hantsi wasu bayan azahar. Mata da goyo, da ƙaiƙayin masara a gyale, da man gyaɗa a yatsu. Duk wadda ta dangwala yatsa a gilashi sai ka ga Lantana ta juya ta kalli bango tana salati a ciki. Amma ba ta hana kowa ba. Ita ma ta ja kujera, da 'yan haruffan da ta tsinta a ajin yaƙi da jahilci tun tana amarya. Da yatsa ɗaya take dannawa, kuma kafin kowane harafi sai ta yi bisimilla. Rahama mai ɗinki ta gano inda ake ganin sababbin ɗinkuna. Wata tsohuwa ta ga ɗanta da ke Fatakwal yana magana, ta yi masa faɗan rama. Ni kuwa na koyi buɗe hotunan bikin mutane, don dai ilimi. Wadda ta fi kowa kamawa Murja ce, ta yi wa mata goma sha biyu rajistar taki a yini ɗaya, Lantana na tsaye a kanta tana kallo.

Saura kwana uku Yahuza ya dawo, ɗan goyon Murja ya shure kofin kunu a kan kwamfuta ta huɗu. Ta yi ƙyas, ta mutu. Murja ta fara neman takalminta. Wasu suka ba da shawarar a goge ta a mayar cikin layi, ƙila ba zai kunna duka ba.

Lantana ta kalli kunun yana ɗiga, sannan ta ce, "Murja, koma ta biyar ki ƙarasa abin da kike yi."

Ranar da Yahuza ya zo, matacciyar ya fara gani, don a bakin ƙofa Lantana ta ajiye ta a kan kujera, ta gaya masa kunu ne, na gero, kuma ita ce shugaba, laifin a kanta. Ya wuce ciki ya duba sauran. Madannai sun yi maiƙo, wani harafi ya fara gogewa, darduma ta koma kalar ƙasa. Ya duba awanni, ya sa mata uku suka nuna masa abin da suka iya, ya daɗe yana rubutu. Da ya gama ya ce kayan sun zauna a Likoro. Ta kunun ce kawai za ta bi shi, a gyara a dawo da ita cikin mako biyu.

Lantana ba ta bar motar ta tashi ba sai da ya ba ta adireshinsa na imel. Yau mako uku ke nan ba a dawo da kwamfutar ba, mata biyu suna haɗa kwamfuta ɗaya. Tun da mako biyun suka cika, kullum da hantsi Lantana takan zauna ta rubuta masa saƙo, layi biyar na gaisuwa, layi ɗaya na tambaya. Jiya ta aika na bakwai, ta kuma sa Serah ta nemo mata adireshin shugabansa.