Ranar da Na Jarraba Malamina a Karaye

Shekarar da jami'ar da nake koyarwa ta buɗe cibiyar karatun ƙarshen mako a Karaye, ni aka turo in koyar da ɗaya daga cikin darussan gama-gari, wato waɗanda dole kowane ɗalibi ya ci su kafin a ba shi digiri, ko me yake karantawa. Nawa shi ne darasin tunani da kafa hujja. An zaɓe ni ne don ni ɗan garin Turawa ne na ƙasar Karaye, wai na san gida. Har murna na yi, ban san gidan ne zai ɗaure mini hannu ba.

Ranar farko da na shiga aji, sai ga hedimastan da ya koyar da ni a firamare zaune a layin gaba, gemu ya yi fari. Tun ina yaro aka mayar da shi wata makaranta a Fulatan ta ƙasar Rogo, daga can yake hawo babur duk Asabar. Ya miƙe tsaye tare da sauran ɗalibai. Na rasa inda zan sa kaina don kunya. Na ce masa Malam, ya ce mini Malam, haka muka yi ta yi har zangon ya ƙare.

Daga baya na ji labarinsa. A birni ya fara karatun, ya ci komai, amma darasin nan ya kayar da shi sau biyu. Dokar jami'a kuwa, wanda ya faɗi na uku sallama ce. A wurin aiki ma an riga an gaya masa kujerarsa ta hedimasta takardar digirin nan take jira, idan babu ita zai koma ƙarƙashin yaran da ya raina.

A shekarar ne kuma jami'a ta ce ta gaji da ɗaliban da ke haddace littafi su juye shi a takarda su manta. Tana so ta san ko darussan gama-gari suna sauya wani abu a kan mutum. Sai aka ƙara jarrabawar baka: malami zai kawo gurguwar hujja, ɗalibi ya nuna masa inda ta karye, ido da ido. Ni ma ina cikin masu goyon bayan tsarin a taro, har da ɗaga murya.

To ga inda gizo ke saƙa. Malam, wato hedimastan nawa, ba ya musu da malami. Sau da yawa nakan faɗi abin da ko ɗan aji uku ya san shirme ne, in tsare shi da ido. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Malam. Allah ya ƙara basira." Na same shi a keɓe, na rusuna na roƙe shi, na ce wannan musun ba rashin ladabi ba ne, shi ne karatun. Ya ce ya ji, kuma na yi gaskiya. Raina ya ɓaci ƙwarai ran nan, don ko a wannan ma bai yi mini musu ba.

Takardarsa ta rubutu ta fito tsaka-tsaki. Idan bai samu komai a ta baka ba, ya faɗi.

Ranar jarrabawar jami'a ta turo wani babban malami daga birni ya zauna da mu, ya ga yadda ake ba da maki. Mutum ne mai ɗaure fuska, ba ya son dogon gaisuwa. Tun da safe na gaya masa akwai wanda ya koyar da ni a cikin ɗaliban.

"Ai shi ya sa aka turo ni," in ji shi. "Kai ka yi tambaya, ni ina kallo."

Bayan azahar layi ya zo kan Malam. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya gaishe da baƙon, ya gaishe ni, ya zauna a gefen kujera.

Na ce, "Malam, duk mai arzikin da na sani a Rogo yana noman gyaɗa. Saboda haka duk wanda ya noma gyaɗa zai yi arziki. Me ka gani?"

Na ga amsar a fuskarsa ƙarara, har leɓensa ya motsa.

"Haka ne, Malam," ya ce.

Baƙon ya ɗauki biro. Na sake maimaita tambayar a hankali, kamar mai lallashin akuya ta shiga mota. Malam ya ce Allah shi ke azurtawa, amma maganata tana kan hanya. Tsoro nake ji, kuma haushinsa nake ji, ina jin haushin kaina da na tsaya a taro ina yabon wannan tsari. In ba shi makin da bai samu ba, ga mai kallo. In rubuta abin da ya samu, da hannuna na sauke shi daga kujerarsa.

"Lokaci yana tafiya," in ji baƙon. "Mu a Zariya ba ma jan abu haka."

Na juya na dube shi. Ashe Bazazzagi ne. Kowa ya san tsakanin Bakano da Bazazzagi wasa ne, babu kunya babu girma, kowa bawan kowa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko za ka taimaka ka faɗa masa hujjar da bakinka?"

"Tsarin ya ce malamin darasi."

"Tsarin so yake a san ko ya iya. A gwada shi."

Ya daɗe yana kallona, har na fid da rai. Sannan ya ajiye biron, ya juya wajen Malam, ya maimaita maganar gyaɗar kamar tasa ce.

Malam ya ɗago kai. "Daga Zariya ka ce kake?"

"Daga can."

"Shi ya sa." Ya gyara zama, ya cika kujerar. "Kai bawana, tun ba a haife ka ba nake noman gyaɗa, je ka leƙa babur ɗin da na zo a kai. Ka ƙirga masu arzikin da ke noma ta, ka manta da matalautan da ke noma ta, su ne kuma suka fi yawa. Wa ya ce maka ma ba arzikin ne ya ba su gonar ba? Duk Bazazzagen da na sani yana sa hula. Ke nan duk mai hula Bazazzagi ne? Allah ya kiyashe mu."

Baƙon ya ƙara jefo masa wata hujjar, wadda ta fi ta farko wuya, Malam ya wargaza ta. Bai yi dariya ba, baƙon, rubutu kawai ya yi ya kife takardar. Da za mu rabu ya ce mini zai faɗa wa jami'a cewa ba bisa tsari aka yi ba, su za su yanke. Na yi makonni ban ji daɗin abinci ba.

Da sakamako ya fito, an bar wa Malam makinsa, ni kuma aka ja mini kunne. Na hau mota har Fulatan don in gaya masa da bakina. Na same shi a barandar makaranta yana duba aikin malamansa. Ya yi hamdala, ya sa aka kawo mini ruwa, ya tambayi mutanen Turawa ɗaya bayan ɗaya. Sai da na tashi tafiya ya rako ni bakin hanya, inda babu kowa.

"In tambaye ka mana. Da mutumin nan ba Bazazzagi ba ne, da ka kayar da ni?"

Na so in yi masa ƙarya, bakina ya ƙi.

"Da na kayar da kai, Malam."

Ya dubi gonakin da ke tsallaken hanya.

"Da ka yi daidai," ya ce. "Amma da har in mutu ban iya haɗa ido da kai ba, kai ma haka."

Ya tsayar mini da mai babur, ya juya ya koma wajen aikinsa.