Jinin Wadda Ta Gaje Lambata

Assalamu alaikum. Na san na ɓace muku tun farkon damina, wasu har sun ɗauka aure na yi a ɓoye. Lokacin ina asibiti ne, ƙafata a rataye, zuciyata kuma ta fi ƙafar ciwo.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni ce Hafsa ta Badariya, mai lamba tara a ƙungiyarmu ta mata. A wasan farko na gasar kofin bana wata 'yar baya ta tare ni, na ji gwiwata ta ce ƙas. Koci ya ce asibiti, Baba ya ce targaɗe ne, aka kai ni wurin wani maɗori. Ya murza, ya yi mini tsaga wai mataccen jini ya fita, ya shafa man shanu ya ɗaure.

Kafin sati gwiwar ta kumbura suntum, tana ruwa, zazzaɓi na kaɗa ni kamar mazari.

Aka kai ni asibiti, likita ya kwance ɗaurin ya duba. Sannan ya ce, "Ƙashi lafiya lau. Jijiya ce ta tsinke, tsagar nan kuma ta sa ciwo ya shiga ciki." Aka tura mu Sakkwato ɗaukar hoto, muka dawo, aka shiga allurai da ƙarin ruwa da wankin ciwo kullum safe. Wankin nan, ko maƙiyina ba na masa fata. Baba ya sayar da shinkafar da ya ajiye ta iri. Na tambayi likita ko zan sake buga ƙwallo, ya ce mu fara ceton ƙafar tukuna. Ranar na yi kuka.

To, yanzu ga abin da ya fi cin raina.

Akwai Rukayya, 'yar masunta daga Argungu. Ni na gan ta tana buga ƙwallo ba takalmi a bakin gulbi, ni na kawo ta wurin koci, a ɗakina ta fara kwana, takalmina ta fara sawa. Ina kwanciya aka miƙa mata rigata mai lamba tara.

Yarinya kuwa ta shiga zura ƙwallaye kamar dama jira take. Ina kan gado ina kallo a waya. Duk ci sai ta buɗe hannuwa kamar mai kamun kifi da homa, 'yan kallo su ruɗe. Mutanen da jiya suke kiran sunana suka koma rubuta "Rukayya ta fi Hafsa gudu." Na karanta har na haddace. Kishi nake, kishi mai hana cin abinci. Ta kira, na ƙi ɗauka. Ta aiko da busasshen kifi, na ba matar gadon kusa da ni.

Inna ta ce, "Ke ɗiyar ga, mi Rukayya tay yi miki?"

Na ce, "Ba ta yi min komi ba, Inna. Shi na abin haushin."

Da aka sa ranar tiyata, aka auna jinina aka ce ya yi ƙasa sosai, sai mun kawo mai bayarwa. Nawa irin mai wuyar samu ne. An gwada yayyena, an gwada Kawu, babu wanda ya dace. Rannan da hantsi kawai nas ta shigo da ledar jini ta rataya, ta ce an samu. Ban tambayi na wa ba, ta kaina nake.

Bayan tiyata da kwana kaɗan aka buga wasan ƙarshe. Rukayya ta fito tana jan ƙafa, ta ɓarar da ƙwallo ita da raga, kafin hutun rabin lokaci aka cire ta. Aka ci mu, kofi ya tafi. Mutane suka yi mata ca, har da masu cewa da Hafsa ce da an ɗauko kofi. Ba zan ɓoye muku ba, na ji sanyi a raina. Ranar na cinye tuwona tas, har na nemi ƙari.

Inna tana kallona. Da na ajiye kwano ta ce, "Kin ƙoshi? To jinin da anka sa miki, na Rukayya na. Ta baro sansani ba da sanin koci ba, tab bayas, tak koma. Ta roƙe ni kar in hwaɗi."

Na ja mayafi na rufe fuskata.

Da aka sallame ni na sa aka kai ni Argungu da sandunana. Na tarar da ita tana taya uwarta shanya kifi. Ina ganinta na fashe da kuka. Ta dube ni ta ce, "Yaya Hafsa, ki bar kukan ga. Kohi ana samun wani baɗi. Amma ki sani, rigar ga ba ni maido miki ita, sai kin amsa da ƙahwarki."

Yanzu na ajiye sanda. Ina zuwa gashin ƙafa a asibiti, na fara sassarfa a fili. Na gode wa Allah, na gode wa likitoci da nas-nas, da Baba da Inna, da ku masu addu'a.

'Yan uwana 'yan wasa, in gwiwa ta yi ƙara ku tafi asibiti a ɗau hoto kafin kowa ya sa mata aska. Ku san rukunin jininku tun kuna lafiya. In abokiya ta kira kuna kwance, ku ɗauka.

Kishin kuwa bai gama fita ba, kar in yi muku ƙarya. Jiya ma ta ci biyu a atisaye, na ji abin ya motsa. Rukayya, na san kina karantawa. Ki wanke rigar nan ki goge, ina nan zuwa karɓa, kuma da jininki zan yi gudun.