Yatsa Biyu a Gefen Littafin Kakana

Shekara uku da tafiyar Turawa na rubuta maƙalata ta farko, kuma daga ita ban ƙara wata ba. Lokacin ina koyarwa a firamare a Hunkuyi. Ina da keke, ina da agogon hannu, ina da girman kan da ya fi ƙarfin albashina. An buɗe jami'a a Zariya, raina kuwa ya kwanta a kanta. Wani tsohon malaminmu na kwaleji ya ce mini in dai ina so a dube ni, to sunana ya fito a wata mujallar masana tarihi da ake bugawa can Kudu.

Abin da zan yi rubutu a kansa yana rataye a ɗakin Baffa. Baffa yayan mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina shekara shida. Littafin fiƙihu ne da kakanmu ya kwafa da hannunsa, warƙa-warƙa ba ɗinki, an matse shi tsakanin fatu biyu masu tauri, an zura a gafaka. Shi littafin, kowane gidan malamai daga nan har Makarfi akwai irinsa. Gefensa ne babu irinsa. Kakanmu ba ya ganin fili a takarda ya ƙyale. A gefen warƙoƙin nan ya rubuta shekarar da fara ta sauka, da shekarar da ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta fid da kai ba, da inda mutanen ƙauyen Taba suka bi neman hatsi. Ƙarƙashin kowace muguwar shekara kuma ya jera sunayen waɗanda yunwa ta kashe a gidanmu da maƙwabta. Mahaifiyar Baffa tana ciki, da ƙannensa biyu.

Kowace shekara, Juma'ar ƙarshe kafin azumi, Baffa yakan sauko da gafakar da hantsi, a karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, yana yi wa kowa addu'a. Da yanar ido ta rufe masa gani sai karatun ya dawo kaina. Shekara biyar ina karanta masa, kuma Allah ya sani yadda nake kiran rajistar aji haka nake kiransu, hankalina yana wani wuri. Dokar littafin ɗaya ce: ba ya ƙetare zaure. Mai so ya zo da takardarsa da tawadarsa, ya zauna ya kwafa, a ba shi fura.

Na kwafi abin da nake so, wato shekarun da labarin hatsi. Sunayen na tsallake su, don ban ga abin da za su ƙara wa maƙala ba. Na haɗa da abin da Baffa ya faɗa mini da bakinsa, yadda uwarsa ta riƙa ba 'ya'yanta rabonta tana cewa ta ci a madafa. Akawun alƙali ya buga mini a tafireta, na kai gidan waya a Zariya da kaina.

Wata biyar shiru. Sannan amsa ta zo.

Edita ya yi mini bayani cikin ladabi cewa al'adarsu ce su ba wani masani maƙala ya duba kafin a buga, kuma ba a faɗin sunansa. Wato shi ya gan ka tsirara, kai ko inuwarsa ba ka gani. Takardata ta dawo ja wur da tawadarsa. A kan labarin mahaifiyar Baffa ya ja dogon layi daga kusurwa zuwa kusurwa, ya rubuta cewa wannan kukan gida ne, ba tarihi ba. Ya ce hirar makahon tsoho ba hujja ba ce. Ya gyara mini Turanci a wuri goma sha wani abu, har da inda ni ne da gaskiya. A ƙarshe ya ce shi bai taɓa jin labarin wannan littafi ba, kuma malaman makarantar ƙauye sukan ga abin da suke so su gani. In marubucin yana so a yarda da shi, ya aiko da littafin a gani.

Na yi kwana uku ina zaginsa a zuci. Na ba shi kamanni iri-iri: wani lokaci Bature mai lofe, wani lokaci ɗan Kudu mai tabarau, wani lokaci ma tsohon malamin nan namu. A kwana na huɗu na zauna na rubuta masa amsa, akawun alƙali ya buga mini ita. Har yau in na tuna wasiƙar nan sai kunya ta kama ni. Na gode masa da haskensa. Na ce ya yi daidai, labarin tsohuwar bai dace ba, na cire. Na ce na cire duk inda na ambaci Baffa. Gyaran Turancin da na san kuskure ne ma na karɓa, na ƙara da godiya. Littafi kuma, na ce yana tafe.

Na fara gwada Baffa ta hanyar arziki. Na same shi a zaure bayan la'asar, na durƙusa, muka gaisa, na tambayi ƙafarsa, ya tambayi makaranta. Sannan na kawo maganar.

Ya ce, “Wane ne shi?”

Na ce, “Ba a faɗin sunansa, Baffa. Haka tsarinsu yake.”

“Mutumin da ya ɓoye sunansa shi ne ke so a kai masa sunayen matattunmu?”

“Dubawa kawai zai yi ya dawo da shi.”

“To ya zo. Ga zaure, ga tabarma. In ma ba ya shan fura a dafa masa shayi.”

Na ce masa mutumin babba ne, ba zai taso daga inda yake ya zo Hunkuyi ba. Baffa ya yi dariya, ya ce, “Ashe bai matsu ba. Kai ne ka matsu, ɗana.”

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Ranar kasuwa, da aka ja shi zuwa jana'iza a Kudan, na shiga ɗakinsa. Na zare littafin. Na riga na yanka tsofaffin takardun jarrabawar 'yan aji huɗu daidai girman warƙoƙin, na cusa su tsakanin fatun, na ɗaure, na mayar da gafakar kan ƙusarta. Littafin kuwa na kai shi gidan waya, na aika musu. Abin da na gaya wa kaina shi ne makaho ba zai gane ba, kuma saura wata huɗu azumi. Ban ji tausayinsa ba ko kaɗan. Daɗin dabarata na ji.

Wata huɗun nan kullum da safe ina durƙusawa in gaishe shi, gafakar tana rataye bisa kansa cike da lissafin yara. Yana sa mini albarka, ina cewa amin.

Saura kwana tara azumi aka kira ni gidan waya. Wasiƙa ce da ƙunshi. Na buɗe wasiƙar a tsaye. An karɓi maƙalata. Mai dubawar ya ga littafin, ya gamsu, har ya ce marubucin ya nuna hankali wajen karɓar gyara. Na karanta layin nan sau uku, na ji kamar an ɗaga ni sama. A ƙasa edita ya ƙara cewa sun ga warƙoƙin a warwatse, bakinsu duk ya zagwanye, suka ji tsoron kada su ɓace. Saboda haka suka ba maɗaba'arsu ta ɗinke shi, ta yi masa bango, kyauta daga gare su.

Na kwance ƙunshin a gindin dalbejiyar da ke bakin gidan wayar. Baƙin bango ne mai sheƙi, an buga sunana a jikinsa da ruwan zinare, sunana ni. Bakin littafin ya yi sumul kamar an yanka sabulu. Mai ɗinkin ya yi abin da yake yi wa kowane littafi: ya sa shi a injin ya datse gefe uku har inda takarda ta yi tsabta. Faɗin yatsa biyu ya tafi. Fiƙihun yana nan, ko wasali bai taɓu ba. Rubutun kakana kuwa sai guntaye, nan kan harafi, can wutsiyar wani. Inda sunayen suke, wani wurin rabin suna ya rage, wani wurin babu komai.

Na zauna a wurin har aka yi azahar. Na yi ta ƙoƙarin tuno sunayen da na karanta shekara biyar. Bakwai na samu, cikin fiye da arba'in.

Ko a nan ban tuba ba. Na ɓalle bangon da wuƙa, na tsinke zaren, na kankare gam ɗin gwargwadon iko, na mayar da warƙoƙin tsakanin fatunsu. Sun yi wa fatun kaɗan, suna wasa a ciki. Na ce ai ni ne mai karantawa. In kira bakwai ɗin, in cika da sunayen da kowane gida ke da su, a shafa fatiha.

Ranar Juma'ar, da hantsi, ya ce in sauko da gafaka. Mu biyu ne a zauren. Ya karɓa, ya kwance igiyar, ya ɗora littafin a cinyarsa. Na ga babban yatsansa ya bi bakin takardun daga sama zuwa ƙasa, ya koma, ya sake bi. Fuskarsa ba ta canza ba. Ya miƙo mini ya ce, “Bismillah. Fara daga shekarar fara.”

Na buɗe, na dubi inda babu komai, na fara kira. Na farko ya yi masa addu'a. Na biyu ya yi masa. Na ji ƙarfin gwiwa, muryata ta daidaita. Bakwai suka ƙare, na shiga ƙirƙira. Ya bar ni na kira suna huɗu na ƙarya, hannuwansa a buɗe bisa gwiwoyinsa.

Sannan ya ce, “Ya isa.”

Na daina kira.

Ya ce, “Tun daren da na dawo daga Kudan na san littafin ba ya nan. Nauyin ba ɗaya ba ne. Na ce yaro ya ɗauka, zai dawo da shi, zai faɗa mini. Wata huɗu ina jiranka kowace safiya. Yanzu da na taɓa bakinsa na san an yanke sunayen. Wannan na ce ƙila ba kai ka yi ba. Shi ya sa na ce ka karanta, in ji abin da kai za ka yi.”

Na fashe da kuka, na faɗa masa komai, da mai dubawa, da edita, da injin. Na ce ai shi ya san sunayen da ka, ya faɗa mini in rubuta su sabo, yau ɗin nan, kafin a tafi masallaci.

Ya ce, “Na san su. Amma kai da hannunka ka rubuta wa mutumin cewa maganata ba hujja ba ce.”

Ashe akawun alƙalin da ya buga mini amsar ya ba shi labari tun tuni.

Ya juya fuskarsa gabas, ya ci gaba da addu'arsa a zuci. Ina ganin leɓɓansa suna motsi, ina ƙirga dakatawarsa tsakanin suna da suna, ban ji ko ɗaya ba. Bai kore ni ba, bai zage ni ba, kuma bai daina amsa gaisuwata ba. Na roƙe shi a azumin, na roƙe shi da salla, na turo masa limami. Ya ce wa liman duk mai son sunayen ya zo zaure da takardarsa, ban da ni. Ba wanda ya zo. Kowa na ganin akwai lokaci.

Ya rasu da daminar da ta biyo baya. Mujallar ta iso bayan sadakar arba'in, kwafi biyu a ambulan mai ruwan ƙasa. Shafi tara ce maƙalar. A ƙasan shafin farko, da ƙananan haruffa, akwai godiyata ga masanin da ya duba ta, sai layin da edita ya ƙara, cewa asalin littafin yana hannun marubucin, a adane.

Na samu shiga jami'ar. Littafin kuma yana hannuna, kamar yadda suka ce. Duk Juma'ar ƙarshe kafin azumi nakan sauko da shi da hantsi, in kira bakwai ɗin nan, in ƙara da Baffa, su zama takwas.