Matafiyi Ba Ya Ƙona Bulo

Idan na bari aka gina mini ɗakin jan bulo, na saɓa wa mijina Malam ne ko ban saɓa ba? A wannan watan ya cika shekara tara da rasuwa, kuma har yau ban samu amsa ba. Ni ban iya rubutu ba. Ɗiyata Safiya ce ke riƙe da alƙalami, na ce mata ta sa maganata yadda ta fito, in na tsaya kuka ta jira ni.

Kakan mijina ya baro Sakkwato da niyyar hajji. Guzuri ya ƙare masa a Makwar, a ƙasar Sudan, lokacin da ake ginin madatsar ruwa, ya ce zai ɗauki dutse na shekara ɗaya ya wuce. A can aka binne shi. Ɗansa ya samu hawasha, wato gonar auduga mai shan ruwan kwata, a wannan ƙauye namu kusa da Managil, a yankin Jazira. Shi ma ya ce sai an tsinke auduga. Malam ya gaji gonar, ya gaji niyyar, ya kuma gaji ƙa'idar gidan: matafiyi ba ya ƙona bulo. Wanda ya yi ginin da zai daɗe, ya shaida wa Allah cewa ya iso ke nan. Maƙwabta suka yi ta gini ɗaya bayan ɗaya, mu muna cikin laka.

Wanda ya san baƙar ƙasar Jazira ya san abin da nake nufi. Da damina ta kumbura, da rani ta tsattsage har ƙafar akuya ta faɗa ciki. Bango ba ya zama lafiya a kanta. Kowace shekara ni da shi muke kwaɓa laka da kashin shanu mu toshe tsaga, yana yi yana cewa, "Liƙa kawai, Rabi. Na wane ne? Na masu wucewa."

Safiya ta yi karatu ta zama malamar makaranta a Rufa'a. Wani hutu ta zo, muna bakin kwata bayan an ɗauke ruwa, saman laka ya bushe ya rarrabu falle-falle. Ta taka wani falle da ƙafa, ya zame a kan ɗanyen taɓon da ke ƙarƙashinsa. Ta ce haka duniya take. Ƙasar da muke takawa ɓawo ne a rarrabe, can ciki kuwa zafi ne mai tsanani, har dutse ya yi laushi yana motsi a hankali, yana ɗauke da ɓawon. Ta ce ƙasar Hijaz da Sudan a haɗe suke a dā, suka tsage, ruwa ya shiga tsakani, shi ne Bahar Maliya. Kuma har yanzu tsagar ƙara buɗewa take yi.

Malam ya ajiye fartanya. "Mi kika ce? Makka na matsawa?"

"Kaɗan-kaɗan, Baba. Ko saurin fitowar farce ba ta kai ba."

"Ashe da kakana ya yi sammako, da ƙafa zai taka har can."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce wannan tun kafin a yi ɗan Adam ne. Shi ma ya yi dariya, ya ce mata ja'ira, sun tura ta makaranta ta dawo ta raba su da Makka. Amma da muka koma gida bai taɓa abinci ba.

Wasu abokansa na masallaci sun ce maganar banza ce ta 'yan boko. Shi bai taɓa ƙaryata ta ba. Ya ce wanda ya ga yadda tsakar gidansa ke buɗe baki kowane rani, ba zai yi musun ikon Allah a kan teku ba. Abin da ya dame shi daban ne. Duk ranar Juma'a in ya zauna yankan farce, sai ya tara su a tafin hannu ya tsura musu ido, ya ce, "Mu muna zaune, ita tana tafiya." Da farko wasa ne. Daga baya na lura ya daina murmushi in ya faɗa.

Ɗanmu Haruna ya ƙetara Jidda neman aiki. Shekarar da ya gama shirya mana tafiya mu biyu, a shekarar ciwo ya kwantar da Malam, bai sake tashi ba.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Ya ga yaƙi ya ratsa ƙauyukanmu, kwatoci sun bushe, mutanen da suka yi ginin bulo sun kulle ƙofa sun gudu da abin da kai zai iya ɗauka. Wataƙila ya ce ai ya faɗa, kowa matafiyi ne. Wataƙila kuma ya yi shiru, domin ni matar matafiyi ban iya zuwa ko'ina ba. Gwiwoyina sun ƙi, hanya ta ƙi, kabarinsa kuma yana nan bayan gari. Yara a kan hanya suna gaishe ni, "Ya Hajja, ina kwana," don girmamawa kawai. Ina amsawa. Me zan ce?

Yanzu Haruna ya dawo, ya jibge jan bulo a tsakar gida. Bangon ɗakina na gabas ya tsage har ina hango rana ta ciki, kuma babu sauran hannun da zai liƙe shi irin na dā. Damina ta kusa.

"Inna, ɗakin nan kanki zai faɗo," in ji shi. "Na yi ɗawafi da sunan Baba, na yi da na mahaifinsa da na kakansa. Niyya ta cika. Mi ya rage?"

Safiya kuwa ta wata hanyar take biyo mini. Tana cewa ko na yi gini ba zama na yi ba, tunda ƙasar da za a aza shi a kai ita ma tafiya take. Na tambaye ta, to tafiyar tamu za ta taɓa cim ma Hijaz? Ta sunkuyar da kai. Yanzu ma da na maimaita, ta ɗago tana hararata, amma ta rubuta.

Ba na cewa Malam ya yi daidai. Shekara arba'in da wani abu na kwana da fargabar bango saboda shi. Bai bar gona mai yawa ba, bai bar gini ba. Abin da ya bari shi ne mutum ya ƙi yarda cewa inda tafiya ta tsaya masa nan ne ƙarshenta. Wannan ya shiga jinina, ban san yadda ake cire shi ba. In na ce a gina, ni ce zan rufe hanyar da mutum uku suka mutu suna riƙe da ita a buɗe. In na ce a bari, 'ya'yana ne za su tono ni daga ƙarƙashin laka.

Na so ya raba mini wannan gardama tun yana da rai. Ranar da zai cika, da hantsi, na ɗaga kansa ina ba shi ruwa. Na ce, "Malam, yaran nan za su so yin gini. In sun tambaye ni, me zan ce musu?" Ya daɗe yana kallon bangon. Na san ya ji ni, don ya matse mini hannu. Sannan ya ce:

"Ki ce su bari sai mun dawo, Rabi."